Iskar Daktor Nagoggo

A unguwar Dar Salam, can bayan Umdurman, babu wanda bai san Nagoggo ba. Ba wai an nemi saninsa ba ne, shi ne bai bar wa kowa zaɓi ba. Jikan mahajjata ne da suka taso daga ƙasar Hausa suka yi zamansu a bakin Nilu, kuma a faɗarsa kakan nasa da ƙafa ya je Makka ya dawo bai taɓa tambayar kowa hanya ba. Shi kuwa jikan, tsakanin gida da masallaci ma sai ya tsaya ya koya wa wani abin da shi kansa bai iya ba. Ya taɓa gyaran rediyo, rediyoyin unguwa suka yi shiru har abada. Ya taɓa kiwon tattabaru, tattabarun suka yi ƙaura gidan maƙwabta.

Aikinsa na ƙarshe, a shekarun da suka gabaci yaƙi, shi ne shara da tsaron ƙofa a wani asibitin haƙori a Khartum. Ba a daɗe ba aka sallame shi. Likitar ce ta leƙo ɗakin jira ta tarar ya danne harshen wata tsohuwa da cokalin shayi yana ce mata, "Hajja, waɗannan na ƙasan duk sun tafi, sai haƙuri."

Ya dawo gida da la'asar, ƙirji a gaba. Matarsa Laraba tana tsakar gida tana toya kisra, wainar dawan nan mai faɗi.

"Na ajiye musu aikinsu," ya ce. "Babu abin da ya rage su koya mini."

"Korarka aka yi, Malam?"

"Daktor za ki riƙa cewa daga yau."

"Korarka aka yi, Daktor?"

Ya ja kujera ya zauna ya fara yi mata bayanin sirrin da ya ɗauko. A asibitin akwai wata na'ura mai fitar da wata iska da ake kira ozon. Idan haƙori ya ruɓe, likitar takan fara goge ruɓar, sai ta kifa wani ɗan ƙoƙon roba a kan haƙorin ya manne ruf, ta saki iskar na ɗan lokaci kaɗan don ta rage ƙwayoyin cutar da ke cikin ramin. Na'urar ta zuƙe iskarta kada mutum ya shaƙa, sannan a cike ramin. Nagoggo, da yake ta ƙofa yake leƙe da tsintsiya a hannu, tsakiyar aikin kawai ya riƙe. Gogewar farko da cikewar ƙarshe, a ganinsa, ado ne na likitoci don a ce sun yi wahala.

"Iskar ce komai," ya ce. "Fuuu! Ciwo ya mutu. Ba allura, ba cirewa."

"To kai ina za ka samo iskar? Ban da wadda ke cikin kanka?"

Washegari ya hau bas zuwa kasuwar Libiya, babbar kasuwar nan ta Umdurman. Ya yi ta yawo yana tambayar ozon har aka kai shi wurin wani mai sayar da kayan wankin mota. Mutumin ya jawo wani akwatin ƙarfe mai fanka a gindi.

"Ya zol, bawan Allah, wannan na mota ne," in ji mai kayan. "Yana kashe warin sigari da na kifi. Ka kunna, ka rufe gilasai, ka yi nisa. Kada ka bar ko kyanwa a ciki."

"Ka taɓa karatun haƙori?"

"A'a."

"To naɗe mini."

Ɗakin da ke jikin zaure ya mayar asibiti. Ya samo tsohuwar kujerar aski. Ya yanke farar jallabiyarsa ta Juma'a a gwiwa ta zama rigar likita. Ya ɗaure tiyon shisha a bakin akwatin, a ƙarshen tiyon kuma ya maƙala robar kan kwalbar shayar da jarirai, wai ita ce ƙoƙon. A bangon waje ya rubuta da shuɗin fenti, da Larabci da Hausa: DAKTOR NAGOGGO, MAGANIN HAƘORI DA ISKA.

Wanda ya fara kawo bakinsa Dogo ne, direban raksha, babur ɗin haya mai taya uku, da ke ajiye abin hawansa a zauren Nagoggo idan ya tashi aiki. Wani matauninsa ya yi rami har yana ɓoye ƙwayar wake a ciki, kuma tsoron allura ya hana shi zuwa asibiti.

"Ba zafi, Daktor?"

"Zafi? Sai dai ka roƙe ni in ƙara maka."

Ya cusa masa robar, ya danna maɓalli. Akwatin ya yi gurnani. Wani wari mai kaifi, kamar na wayar lantarki da ta ƙone, ya cika ɗakin. Dogo ya zaro ido. Sai tari. Ya yi tari har ya sauko daga kujera, ya yi tari a durƙushe, hawaye da majina suna tsere. Shi ma Daktor yana can jikin taga yana nasa, amma tsakanin tari da tari yana ɗaga yatsa.

"Ka ji su? Ƙwayoyin ne... ke gudu... kada ka tare musu hanya!"

Da Dogo ya rarrafo waje ya samu iskar Allah, ƙirjinsa na ci kamar ya haɗiyi barkono. Mutanen da suka taru suka tambaye shi haƙorin fa. Ya tsaya ya laluba da harshe. Gaskiya a wannan lokacin bai san ma yana da haƙori ba.

"Wallahi ba na jin shi," ya ce da dasasshiyar murya.

Shi ke nan. Kafin magariba labari ya zaga unguwa. Kwanakin da suka biyo baya aka yi ta layi a ƙofar gidan: mata lulluɓe da mayafinsu na tob riƙe da kumatu, leburori, har da wani da ya taso tun daga Kalakla, ya tsallako gada, don a hura masa. Kowa ya shiga da ciwon haƙori, ya fito da tarin da ya mantar da shi. Nagoggo ya daina gaida mutane da hannu biyu. Ya fara tafiya yana kallon bakin duk wanda ya yi masa magana, yana girgiza kai.

Baba Salih, dattijon da ke zama a sahun gaba a masallaci, shi ne bai ruɗu ba. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa, ya ƙi shiga.

"Nagoggo, wannan ramin da ke haƙorin mutum, in ka hura iskar, wa zai cike shi?"

"Baba, iska tana cika tayar babbar mota, balle ɗan ramin haƙori."

"Kai kuma wa ya ba ka izinin wannan aiki?"

"Ilimi ba ya neman izini, Baba."

"Haka ne. Jahilci ma bai taɓa nema ba."

Dattijon ya juya. Nagoggo ya ce wa masu layi tsufa ne, kuma da zai yarda a hura masa ta kunne da ya ji sauƙi.

Daga nan sai ya yanke shawarar cewa iskar da ke gyara baki ba za ta rasa gyara gida ba. Ya riƙa barin akwatin a kunne duk lokacin da akwai wuta, ƙofar ɗakin a buɗe zuwa zaure. Shi kansa kullum bayan shayin safe, shayin da yake zuba wa sukari har cokali ya tsaya, sai ya hura wa bakinsa. Asuwaki kuwa ya jefar da shi, ya ce na mutanen da ne.

Kyanwar gidan ce ta fara barin gari. Sai silifan Laraba da ta bari a zaure suka tsattsage kamar busasshiyar laka. Tiyon shishan ya ruguje a hannun Daktor ana tsakiyar aiki, ya sayo wani, shi ma ya bi sahu. Wata safiya yana tsaye yana yi wa masu layi jawabi, robar wandonsa ta saki. Allah ya taimake shi da saurin hannu, ya ƙarasa jawabin da hannu ɗaya a ƙugu.

"Malam, abin nan yana cin roba," in ji Laraba. "Abin da ke cin roba me zai yi wa ƙirjin mutum?"

"Mutum roba ne? Ki tsaya a kan kisrarki."

Ba ta kai ga ba shi amsa ba sai ga ihu daga zaure. Dogo ne. Kuncinsa na dama ya kumbura ya yi sumul kamar an ɓoye mangwaro a ciki, ido ɗaya ya kusa rufewa. Yana nuna rakshar da hannu. Tayoyin uku sun yi zane-zanen tsaga, biyu sun kwanta ƙasa.

"Dubi fuskata! Dubi tayoyina!"

Nagoggo ya matso ya latsa kuncin da yatsa. Dogo ya yi tsalle.

"Madalla," in ji Daktor. "Gawarwakin ƙwayoyin ne suka taru wuri guda. Alamar nasara ce. Tayoyi kuwa, ka je ka tambayi wanda ya sayar maka."

Ana cikin haka Hajja Mawahib ta faɗo gidan ko sallama babu. Ita ce maƙwabciyar da bangonta ke jingine da ɗakin asibitin, kuma a saman bangon akwai 'yar kafa da aka bari don iska. Sana'arta haɗa turaren amare, ta yi suna har Khartum. A wannan karon na 'yarta Shamsiyya take haɗawa, wadda za a yi bikinta ƙarshen mako. Ta shanya itacen sandal da ta jiƙa da turare, ta rataye tufafin amarya da ta daɗe tana turarawa, duk a ɗakin da ke bayan bangon. Ta dangwara wa Nagoggo wani ƙyalle a hanci.

"Shinshina!"

"Ban ji komai ba, Hajja."

"Ni ma haka! Turaren da mutum ke ji tun daga bakin titi! Yanzu ɗakina warin asibiti yake, kayan 'yata kamar an wanke su da ruwan batir! Da me zan kai ta gidan miji?"

"Hajja, ki gode mini. Ƙamshi ƙwayoyin cuta ne masu daɗin baki. Na tsabtace miki kyauta."

Sai da Laraba ta shiga tsakani, don Hajja Mawahib ta riga ta cire takalmi.

Zuwa Juma'a layi ya watse. Masu kumburi sun yi yawa a unguwa har ana gane su daga nesa, kowa da ɗaurin ƙyalle a haɓa. Baba Salih ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce duk wanda ya sake kai bakinsa gidan Nagoggo kada ya zo masa da kuka. Nagoggo ya koma gida yana huci.

"Hassada ce," ya ce wa Laraba. "Sun ga ɗan unguwa ya zama wani abu. Amma zan rufe bakinsu. Gobe duk unguwar nan za ta taru wuri ɗaya, ko ba haka ba?"

Laraba ta ajiye abin da ke hannunta. "Malam, na roƙe ka da girman Allah, ka bar bikin yarinyar nan."

"Wa ya ce zan taɓa biki? Gudummawa zan kai."

An kafa babbar rumfar tamfol a titi, an rufe gefunanta saboda rana, an jera kujeru, an ɗaura balan-balan masu launi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. A kusurwa aka ajiye babban injin hura sanyi. Hajja Mawahib ta yi aron turare wurin abokan sana'a, tana yawo tana murmushin dole. Bayan azahar aka fara fito da manyan tire na abinci, mawaƙiya ta kama makirufo, dangin ango da suka zo daga Kalakla suka baje a sahun gaba.

Babu wanda ya lura da mutumin da ya rarrafa ta bayan tamfol da akwati a ƙarƙashin riga. Nagoggo ya ajiye akwatin daidai bakin injin sanyi, ya jona a wayar masu kiɗa, ya murɗa shi har ƙarshe. Sannan ya shige ƙarƙashin teburin lemo, ya ja mayafin teburin, yana murmushi. A lissafinsa, ai kowa na buɗe baki a wurin biki, ko don ci ko don guɗa. Gobe unguwa za ta tashi babu mai ciwon haƙori, a zo a durƙusa masa.

Wata tsohuwa a kusa da injin ce ta fara. Sai na kusa da ita. Tarin ya bi sahu-sahu kamar ana raba shi a faranti. Mawaƙiya ta ja wani dogon baiti, muryar ta maƙale, abin da ya fito ta lasifika sai ka ce akuya ta shaƙe. Masu guɗa suka buɗe baki, guɗar ta koma kakari. Ango ya ɗaga hannu zai yi wa jama'a kirari, ya ƙare a dafe da gwiwa. Amarya Shamsiyya kuwa hawaye ya kwashe kwallin da aka ɓata safiya ana zana mata, ya gangaro da shi har haɓa.

Sai balan-balan suka fara. Fau! Fau-fau! Wani ya yi ihu cewa kawun ango ya fara harbin murna a cikin rumfa. Kawun, wanda ko sanda bai riƙe ba, shi ya fara nutsewa ƙarƙashin kujera. Aka yi waje a guje. Tire na miya ya kife a kan rawanin wani baƙo, wata mata ta fita da takalmin wata, tamfol ɗin gefe ya yage.

Dogo ne ya tsaya cak a tsakiyar rumfar, hanci a sama. Wannan warin ko a kabari ya san shi. Ya bi shi har kusurwa, ya ga akwatin, ya fizge wayar. Sai ya ji teburin lemo yana tari. Ya ɗaga mayafin.

Ya kama ƙafar Nagoggo ya jawo shi har tsakiyar titi, inda jama'a suka tsaya suna share ido. Nagoggo ya miƙe, ya kakkaɓe guntuwar jallabiyarsa, ya gyara murya.

"Jama'a, ba sai kun gode ba. Abin da ake yi wa mutum ɗaya a Khartum, na yi wa unguwa guda a zama ɗaya."

"Ku riƙe ni!" in ji Hajja Mawahib. Babu wanda ya riƙe ta, sai da ta sake faɗa.

Baba Salih ya ɗaga sanda aka yi shiru. "Nagoggo, kai kana amfani da iskar nan?"

"Kullum, Baba. Shi ya sa haƙorana suka fi ƙarfen gada."

"To nuna mana."

A gefen titi akwai wata mai tallan kayan ƙwalama. Nagoggo da kansa ya taka ya zaɓi goruba mafi girma a farantinta, ya ɗaga ta sama kowa ya gani, ya juya hagu, ya juya dama. Ya kai ta can ƙuryar baki ya datsa da dukkan ƙarfinsa.

Ƙarar da aka ji ba ta goruba ba ce.

Ya tsaya, baki a buɗe. Gorubar ta faɗo lafiyarta ƙalau, ko tabo babu. Bayanta rabin matauni ya biyo, baƙi ƙirin ta ciki kamar gawayi. Sai da ya kalli abin a ƙasa sannan zafin ya iso. Ihun da ya kurma ya sa karnukan unguwa suka amsa.

"Alamar nasara ce, Daktor!" in ji Dogo.

Dariyar da ta tashi ta haɗu da ragowar tari, har amarya sai da ta dafa ƙawarta. Wata daga dangin ango ta ce a kawo akwatin a hura masa. Nagoggo ya girgiza kai da ƙarfi, hannu biyu a kunci, yana ja da baya.

Tun da rakshar Dogo ba ta da ƙafafu, amalanken jakin mai kawo ruwa aka tsayar ya kai su babban titi su nemi motar asibiti. Aka ɗora Nagoggo, Dogo ya hau gefensa, kowa riƙe da kuncinsa, ɗaya dama ɗaya hagu. Laraba ta zauna a baya ta ja tob ta rufe fuska, don mutanen biki sun raka su da tafi har kwanar masallaci.

Sun ɗan yi nisa. Can jakin ya tsaya, ya ɗaga kai, ya wangale baki ya yi kuka, manyan haƙoransa rawaya duk a waje. Nagoggo ya leƙa. Ya sake leƙawa. Ya sauke hannu ɗaya daga kunci ya taɓa kafaɗar mai amalanken.

"Ɗan'uwa," ya ce, maganar na fita ta gefen baki, "wannan jakin naka yana da ruɓa a na sama. In na warke ka kawo mini shi."

Mai amalanken ya ja linzami. Ya juyo ya dube shi tun daga kai har ƙafa.

"Sauka."

"Ai taimako ne zan..."

"Sauka, ya zol. Jakin nan shi ke ciyar da 'ya'yana."

Nagoggo ya dubi Laraba. Laraba ta gyara zama a wurin da ya tashi. Haka aka ƙarasa babban titi, Dogo da Laraba a sama, Daktor a ƙasa yana bin jaki da ƙafa.